Kafin ka sayi kyamara: Guzurin matashin da ke son rayuwa da sana'ar hoto

A yau babu taron biki, ko suna, ko saukar karatu da za a yi a ƙasar Hausa ba a ga wayoyi sun ɗaga sama sun tare wa mutane gani ba. Kowa ya zama mai hoto, daga ƙanin ango har kakar amarya. Duk da haka, matasa da dama, musamman waɗanda suka kammala karatu suka gaji da yawon neman aikin ofis, suna karkata ga ɗaukar hoto a matsayin hanyar cin abinci. Wani ya sayar da babur ɗinsa, wani ya kwashi adashi, wani kuma mahaifiyarsa ce ta sayar da ɗan kunnenta na gwal, aka haɗa aka sayi kyamara. Bayan 'yan watanni sai ka ji kyamarar ta koma kasuwa da faɗuwa, mai ita kuma yana cewa waya ta kashe sana'ar.

Sana'ar ba ta mutu ba. Abin da ya mutu shi ne zamanin da mallakar na'ura kaɗai ke ciyar da mutum. A da, mai hoton unguwa yana cin kasuwarsa ne domin shi kaɗai ke da kyamara, shi ya san hanyar wurin wankin hoto, dole a jira shi. Yanzu da na'urar ta shiga aljihun kowa, ba wanda zai biya ka don ka danna maɓalli. Ana biyan mai hoto ne saboda abin da waya ba ta zuwa da shi daga kamfani: ido da ya san haske, hali da za a amince masa a cikin gida, da tsarin da zai sa aiki ya fito a kan lokaci kuma kada ya ɓace. Saboda haka, a jerin abubuwan da matashi zai tanada kafin shiga wannan sana'a, kyamara ce ya kamata ta zo a ƙarshe.

Wanda ke ganin na'ura ita ce komai ya dubi abin da ya sami kamfanin Kodak na Amurka. Wani injiniyansa mai suna Steven Sasson ne ya ƙera kyamarar farko marar fim a 1975, amma kamfanin ya ci gaba da dogaro da cinikin fim, har ya kai ga shigar da takardun karyewar jari a watan Janairun 2012. Na'ura tana tsufa, ana yayinta a daina. Ilimin da ke kan mutum shi ke bin sa daga wannan na'ura zuwa waccan.

Haske shi ne karatun farko

Hoto ba komai ba ne illa haske da aka kama aka ajiye. Tun kafin Bafaranshe Louis Daguerre ya bayyana hanyarsa ta ɗaukar hoto a 1839, malamin nan na Basra da ya rayu a Alƙahira, Ibn al-Haytham, wanda ya rasu wajen 1040, ya riga ya yi bayani a littafinsa Kitab al-Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Ya kuma yi gwaji da ɗaki mai duhu da aka huda wa ƙaramar kafa, inda hasken abin da ke waje ke shiga ya bayyana a bango. Kowace kyamara, har ta cikin waya, wannan ɗakin ne aka ƙanƙantar.

Abubuwa 3 ne ke yanke hukuncin yadda hoto zai fito. Na farko faɗin ƙofar da haske ke shiga ta cikinta: idan aka buɗe ta sosai, fuskar mutum za ta fito tar, abin da ke bayansa ya dushe, idan aka tsuke ta, na gaba da na baya duk su fito. Na biyu tsawon lokacin da labulen kyamara ke ɗauka a buɗe. Na uku ƙarfin jin haske na na'urar, wanda ake kira ISO, da in an ɗaga shi ya yi yawa hoto kan fito da tsakuwa-tsakuwa. Duk wanda bai iya sarrafa waɗannan da hannunsa ba, ya bar kyamara tana zaɓar masa, bai fi mai waya da komai ba sai nauyin kaya a wuya.

Ƙasarmu tana da nata darussan da bidiyon koyarwa na Turai ba ya tsayawa a kansu. Ɗauki misalin ango baƙin mutum cikin farar shadda mai sheƙi, a tsakar rana bayan ɗaurin aure. Ma'aunin hasken kyamara yakan ruɗu da farin tufafin, ya rage haske, sai rigar ta fito da kyau fuskar ta dulmuye cikin duhu. In kuwa aka biye wa fuskar ba da lura ba, aikin wuyan rigar da maɗinki ya kwana yana yi ya wanke ya zama fari fat. Gwani ya san ya janye mutumin zuwa inuwar bishiya ko bakin zaure, ya auna haske daga fuska, ya sa wani ya riƙe farin allo ya mayar da haske ƙarƙashin hula. Haka kuma wanda zai ɗauki mahaya suna sukuwa ranar hawan Sallah ya san sai ya sa labulen ya kifta cikin kashi 1 bisa 1,000 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri, in ba haka ba ƙafafun doki su zama hayaƙi. Ya san hasken hantsi da na bayan la'asar sun fi na azahar taushi, ya san hazon hunturu yana kashe launi, ya kuma san ba a canza gilashin kyamara a fili lokacin da iska ke ɗauke da ƙura. Duk waɗannan ana iya fara koyonsu da wayar da ke hannu, domin wayoyi da yawa suna da sashen da ke barin mutum ya saita haske da kansa.

A ina ake koyo?

Hanya 2 ce, kuma haɗa su ya fi. Akwai ta makaranta: sassan koyar da aikin jarida na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, kamar na Jami'ar Bayero da ke Kano, suna da darasin hoton jarida; akwai Sashen Fasahar Zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya; akwai kuma Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa da ke Jos. Makaranta tana ba da tushe, da tarihi, da ɗa'ar aiki. Sai dai a matsayina na malamin jami'a, ba zan ɓoye wa mai karatu ba cewa aji mai ɗalibai masu yawa da kyamarori 'yan ƙalilan ba zai iya gogar da hannu ba. Takardar shaida ba ta ɗaukar hoto.

Hanya ta biyu ita ce wadda kakanninmu suka sani a ƙira da jima da dukanci: zama a gaban maigida. Manyan masu hoton Afirka ta Yamma da duniya ke girmamawa ta nan suka bi. Malick Sidibé na Mali ya fara ne a 1955 a matsayin yaron shagon wani Bafaranshe mai hoto a Bamako, ya ɗauki shekaru yana koyo kafin ya buɗe nasa. A 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinare ta baje kolin fasaha na birnin Venice da ke Italiya, kuma shi ne mai hoto na farko da ya same ta. J.D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya ya fara aiki a 1954 a matsayin mataimaki a ɗakin wankin hoto na Ma'aikatar Yaɗa Labarai da ke Ibadan. Da koyo akan iya. Shekara guda ta ɗaukar jaka da riƙe fitila a bayan gwani tana koya wa yaro abin da ba ya cikin littafi: yadda ake jera dangi 40 a hoto ɗaya ba a saɓa wa girma ba, lokacin da ake matsawa kusa, da lokacin da ake sauke kyamara.

A nan akwai kira ga iyayen gida a wannan sana'a. Yaron da aka karɓa don koyo ba ɗan aike ba ne kawai. A yanka masa wa'adi, a ba shi kyamara ya riƙe, a zauna da shi a duba hotunansa a faɗa masa gaskiya, ranar da ya isa a yaye shi a sa masa albarka.

Zaɓi fagenka

Matasa da yawa sun ɗauka hoton biki shi ne sana'ar baki ɗaya, shi ya sa kowa ya yi cincirindo a ƙofa ɗaya ana karya wa juna farashi. Alhali ƙofofin suna da yawa. Masu sayar da atamfa, da turare, da takalma, da abinci a Instagram da WhatsApp suna buƙatar hoton kaya mai kyau kowane mako. Makarantu na buƙatar hoton yaye ɗalibai, masu gine-gine na buƙatar shaidar matakan aiki, ƙungiyoyin agaji da jaridu na buƙatar wanda ya san gari kuma yake jin harshen mutane. Har yanzu hoton fasfo yana riƙe da shaguna a kusa da makarantu da sakatariyoyi. Akwai kuma fage mai faɗi da ke jiran 'yan mata: kamu, da sa lalle, da wuni, da walimar mata, inda gidaje da yawa ba sa son namiji baƙo ya shiga tsakiyar iyalinsu da kyamara. Macen da ta ƙware a wannan aiki ba za ta rasa masu nemanta ba.

Wanda ya zaɓi fage ya kuma daure a kansa shi ke yin suna. Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya a 1968, ya yi shekaru da dama a kai har ya tara kusan hoto 1,000, waɗanda a yau manyan gidajen tarihi na duniya ke ajiye da su. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri da ta karanci aikin jinya, ta fara aikin da ta kira Bits of Borno a 2015, tana nuna 'yan kasuwa da ɗalibai da masu biki a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai hoton ɓarna. Da wannan aiki guda manyan jaridun ƙasashen waje suka san ta. Babu ɗayansu da ya je nesa neman abin ɗauka. Abin da kowa ke wucewa ya bari shi suka tsaya suka duba.

Kayan aiki da lissafi

Idan lokacin saye ya yi, a tuna cewa kayan hoto da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Mai farawa ba ya buƙatar sabuwar kyamara. Ta hannu mai lafiya, daga Canon ko Nikon ko Sony, ta isa, muddin an duba adadin hotunan da ta riga ta ɗauka, domin labulen kowace kyamara yana da iyakar kwanansa. A zuba kuɗin a gilashi mai kyau, kamar mai tsawon milimita 50, wanda yake da sauƙin kuɗi kuma yake aiki a wuri mai ƙarancin haske. A ƙara da fitila guda, da batir 2 ko 3, da katin ajiya fiye da ɗaya, da kwamfutar da za ta iya ɗaukar manhajar gyaran hoto irin su Lightroom. Abin da ba a amfani da shi kullum a yi hayarsa. Masu sha'awar jirgi marar matuƙi don ɗaukar taro daga sama su sani cewa tun 2016 hukumomin Najeriya suka shardanta samun izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro kafin a tashe shi.

Sai lissafi, wanda a nan ne yawancin masu hannu mai kyau ke faɗuwa. Matashi ya karɓi aikin biki, ya ga kuɗi a hannu ya ɗauka duk riba ce. Bai cire kuɗin mota ba, bai cire man janareta da data ba, bai cire ladan yaron da ya taya shi ba, bai lissafa darare 3 da ya yi a gaban kwamfuta yana tacewa ba, bai kuma ware komai don ranar da kyamarar za ta mutu ba. Wanda ke aiki haka jarinsa yake ci bai sani ba. Kowane aiki a rubuta shi, ko da a saƙon waya ne: awa nawa, hoto nawa, za a wanke ko a waya za a tura, ranar miƙawa, nawa ne kafin alƙalami, yaushe za a cika. Rubutu ba rashin yarda ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A buɗe asusun banki na sana'a daban da na aljihu, a yi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, domin ma'aikatu da ƙungiyoyi ba sa ba da kwangila ga wanda ba shi da rasit. Kuma a koyi ce wa 'yan uwa da abokai aikin na kuɗi ne, cikin ladabi, tun kafin zumunci ya cinye jari.

Amana ita ce babban jari

Mai hoto yana shiga inda ba kowa ke shiga ba, yana kuma fita da abin da in ya kuɓuce ba ya dawowa. Malamai sun daɗe da yin saɓani kan hukuncin hoton kyamara, kuma kowa yana da malamin da yake bi. Amma babu saɓani a kan haramcin tona asirin mutane. Hoton amarya da ƙawayenta da aka ɗauka a cikin ɗaki, mai hoto ya watsa shi a shafinsa don tallar aikinsa ba da izini ba, yana iya jawo ɓacin rai tsakanin gidaje 2, yana ma iya girgiza auren da bai yi mako ba. Haka nan barin hotunan mutane a kwamfutar shago da kowane yaro ke buɗewa.

Doka ma ta yi magana. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta amince cewa wanda ya ɗauki hoto shi ne mai shi, kuma kariyar tana ɗaukar shekara 50. Wannan makami ne ga mai hoton da jarida ko ɗan siyasa ya ɗauki aikinsa ya buga ba biya ba ambato. Amma dokar ta kuma ba wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin kansa da iyalinsa ikon hana a yaɗa hoton ga jama'a, sai in an yi yarjejeniyar da ta saɓa wa haka. Ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Wanda bai san waɗannan ba, wata rana a gaban alƙali zai koye su.

Amana ta haɗa da gaskiyar hoton kansa. A hoton biki ana iya gyara haske a share ƙurji, ko da yake ɗabi'ar wanke fatar amarya har danginta su kasa gane ta abin kunya ne ga sana'ar, kuma saƙo ne marar kyau ga 'ya'yanmu mata game da launin da Allah Ya ba su. A hoton jarida kuwa ba a ƙarawa ba a ragewa. A 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da wani mai hoto da ya taɓa cin lambar Pulitzer, saboda kawai ya goge wata kyamara da ta fito a gefen hoton da ya ɗauka a Siriya. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke iya haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba, darajar mutumin da aka san ba ya ƙarya da kyamararsa ƙaruwa za ta yi. Sannan wanda zai ɗauki almajiri, ko ɗan gudun hijira, ko marar lafiya, ya tambayi kansa ko zai yarda a nuna ƙaninsa a wannan hali.

Abin da aka ajiye shi ake gada

Seydou Keïta, ɗan kafinta a Bamako, ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948. Da hasken rana yake aiki a tsakar gida, a farkon lamari zanen gadonsa ne labulen baya. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ya adana dodon hotunansa, dubbai, cikin tsari. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin New York ba tare da sunansa ba. Aka bi sawu aka same shi a Bamako da taskarsa, a 1994 aka yi masa baje koli na kansa a Faris. Da ya zubar da su kamar yadda da yawa suka yi, da babu wanda ya san shi.

Mu tambayi kanmu: ina taskokin tsofaffin gidajen hoto na Kano, da Zariya, da Katsina, da Sakkwato? Nawa ne gara da ruwan sama suka cinye, nawa ne magada suka ƙone don share ɗaki? Mafi yawan tsofaffin hotunan ƙasar Hausa na farkon ƙarni na 20 Turawan mulki da 'yan mishan da matafiya ne suka ɗauka, da idonsu da manufarsu, kuma da yawa suna ajiye a ƙasashensu. Hoton zamani ya ma fi dodon hoto saurin halaka, domin faifan ajiya guda in ya faɗi ƙasa, aikin shekara 5 ya tafi. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita mai sauƙi ce: kowane hoto ya kasance yana da kwafi 3, a ma'ajiya iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri daban da shagonka. A kuma rubuta rana, da wuri, da sunan taro. Hoton da ba a san wane ne a ciki ba, rabin darajarsa ta zube.

Hukumar UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, ta ƙara da hawan daba na Kano a watan Disambar 2024. Duniya za ta ci gaba da neman hotunan waɗannan da makamantansu. Ko dai 'ya'yanmu su ɗauka su sayar, ko kuma baƙo ya sauka kwana 3 ya ɗauka ya tafi, mu koma muna neman izininsa kafin mu buga hoton sarkinmu. Ya kamata Gidan Arewa da ke Kaduna, da Gidan Makama da ke Kano, da jami'o'inmu su fara bin tsofaffin masu hoto suna karɓar taskokinsu tun suna raye.

Ga matashin da ke riƙe da kuɗin kyamara a yau, shawarata ita ce ya dakata tukuna. Ya yi wata 6 yana ɗaukar unguwarsu da waya kowace safiya da yamma. Ya nemi maigida ya yi masa hidima. Ya zaɓi hotuna 20 da ba ya jin kunyar nuna wa kowa. Ya buɗe littafin shiga da fita tun kafin kuɗi su fara shigowa. In ya yi waɗannan kuma sha'awar tana nan, to ya sayi kyamarar, zai san wadda ta dace da shi da abin da zai yi da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya sa wa neman matasanmu albarka, Ya ba su sana'ar da za su riƙe da mutunci.